Likitoci biyu, shawara biyu: wace tiyata ce ta dace da ƙafata mai baka?

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, shekaruna 46, 'ya'yana biyar. Tun ina yarinya ƙafafuna suna da ɗan baka, amma ba su taɓa hana ni komai ba sai shekara biyu da suka wuce, da gwiwata ta dama ta fara ciwo ta gefen ciki. Yanzu idan na yi awa guda a tsaye gaban allo sai na nemi kujera, bakan kuma ya ƙaru har abokan aikina sun lura. An ɗauki hoto, aka ce amosanin gwiwa ne amma bai yi nisa ba. Likita na farko ya ce zai yanka ƙashin ƙwaurina ta gefen ciki, ya buɗa shi, ya ɗaure da ƙarfe. Na biyu ya ce shi ta waje yake shiga, ya cire ɗan yankin ƙashi ya haɗe. Maigidana ya ce bai ga dalilin da za a karya ƙafar da ake takawa ba. Ƙanensa ya ce in yi ta haƙuri da magani, idan ta lalace gaba ɗaya a kai ni Indiya ko Masar a sa mini gwiwar ƙarfe. Mahaifiyata kuwa wajen mai ɗori take so a kai ni. Kuɗin da zan yi aikin da su adashen da nake tarawa ne don auren 'yata ta fari. Babban tsorona shi ne in wayi gari ba na iya sujada. Na rasa wanda zan bi.

Wata malama daga Jihar Katsina

Wa'alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ce. Mutum biyar sun ba ki shawara biyar, kowannensu kuma don yana ƙaunarki ne ko don aikinsa ke nan, amma ke kaɗai kike kwana da gwiwar nan kike tashi da ita. Bari in fara cire miki ƙaya ɗaya: likitocin nan biyu ba su saɓa wa juna ba kamar yadda kike gani. A kan babbar magana bakinsu ɗaya. Dukansu sun ga gwiwarki ba ta mutu ba, dukansu suna so a ceto ta ta hanyar miƙe ƙashin da ke ƙarƙashinta. Ta inda za a shiga ne kawai suka rabu, wannan kuwa ƙaramar magana ce a kan abin da ya kamata a fara tabbatarwa.

Idan mutum ya tsaya, nauyinsa yana sauka ne a kan wani layi da ya taso daga tsakiyar ƙugu zuwa tsakiyar idon sawu. A miƙaƙƙiyar ƙafa layin yana bi kusan ta tsakiyar gwiwa, kuma ko a hakan gefen ciki ya fi ɗaukar kaya lokacin tafiya, wajen kashi 60 cikin 100 ko fiye. To idan ƙafa ta yi baka, layin sai ya zame ya koma gefen ciki sosai. Guringuntsin wannan gefe ya yi ta cinyewa, yana cinyewa bakan yana ƙaruwa, bakan yana ƙaruwa nauyin yana ƙara danne wurin. Abin da abokan aikinki suka lura da shi ke nan. Kin san tayar mota idan saitin ƙafa ya goce, gefe ɗaya take ci ta bar ɗayan sabo fil, kuma mai hankali saitin yake gyarawa tun tayar tana da sauran amfani. Aikin da likitocinki suke magana a kai ba ya taɓa cikin gwiwar. Ƙashin ƙwauri ake yankawa ɗan ƙasa da ita, a karkato shi har layin nauyin ya haye tsakiya kaɗan ya koma gefen waje mai lafiya. Ba sabon guringuntsi za a ba ki ba, kada kowa ya yi miki wannan alkawarin. Sauke wa wurin da ya gaji kaya za a yi, ciwo ya ragu, a ƙara wa gwiwarki kwana. A cikin waɗanda aka zaɓa da kyau, kimanin takwas ko tara cikin goma suna kaiwa shekara goma da gwiwarsu ta asali ba tare da an canja ta ba.

Wannan zaɓe da kyau da na ambata shi ne zuciyar maganar, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi taurin kai. Hoton da aka ɗauke ki, a kwance ne ko a tsaye? Na gwiwa kaɗai ne ko na ƙafa gaba ɗaya? Hoton da ake tsara wannan aiki da shi dogo ne, daga ƙugu har idon sawu, kina tsaye nauyinki yana kan ƙafafunki. A kansa likita yake ja layi da ma'auni, ya faɗa miki digiri nawa ƙafar ta kauce, kuma a wane ƙashi lanƙwasar take. Sau da yawa a saman ƙwauri take, musamman ga wadda ta taso da baka tun yarinta irinki, kuma irin wannan ita ce ta fi jin daɗin aikin. Amma akwai waɗanda rabin lanƙwasar a ƙarshen ƙashin cinya take. Idan aka gyara ƙwauri kaɗai a irin wannan ƙafa, sai a sami ƙafa miƙaƙƙiya a ido amma gwiwar a karkace, ciwo kuma bai tafi ba. Duk likitan da ya sa miki rana bai ga wannan dogon hoto ba, ki roƙe shi cikin ladabi ya dakata.

Sauran sharuɗɗan wasu za ki iya gwadawa a ɗakinki yau. Idan aka ce ki nuna inda yake miki ciwo, da yatsa ɗaya za ki nuna gefen ciki, ko da tafin hannu za ki shafa gwiwar duka? Na farkon ne ake so. Idan kin kwanta, ƙafar tana miƙewa sarai har bayan gwiwa ya kusa taɓa katifa? Tana lanƙwasawa sosai? Tunda har yanzu kina sujada, alama ce mai kyau. Gefen waje na gwiwar da ƙoƙonta su ma sai an tabbatar suna da lafiya, tunda can za a mayar da kayan. A duba jini a tabbatar ba irin amosanin nan ba ne mai kumbura gaɓɓai da yawa, wanda yake sandarar da yatsun hannu da safe, don shi wannan aikin ba ya masa magani. A duba suga, a duba sikila, a faɗa miki gaskiya game da nauyin jikinki, domin ƙiba mai yawa tana rage kwanan aikin. Sannan ki nemi a duba ƙwarin ƙashinki. Binciken da aka yi a Jos a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa yawancin yaranmu masu lanƙwasar ƙafa ta dalilin laushin ƙashi, ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne yake jawo musu, ba rashin rana ba. Mace mai haihuwa biyar da shayarwa biyar tana da dalilin son sanin halin da ƙashinta yake ciki kafin a yanka shi a jira ya haɗe.

Yanzu ga hanyar likita na farko. Zai yanka ƙashin ta gefen ciki amma ba zai raba shi biyu ba, zai bar ɗan ƙashi a gefen waje ya riƙe. Sai ya riƙa buɗa yankan a hankali, milimita bayan milimita, yana duba na'urar hoto, har layin ya zo inda ya tsara, sannan ya ɗaure da farantin ƙarfe da sukurori. A ƙiyasi, buɗa milimita ɗaya yana gyara kusan digiri ɗaya. Daɗin wannan hanya shi ne ana iya ƙarawa ko ragewa ana cikin aiki, ba a zubar da ƙashi, ba a taɓa siririn ƙashin da ke gefen waje, ba a kusantar jijiyar da take ɗaga tafin ƙafa. Idan wata rana aka zo canja gwiwar ma, yawanci ba ta cika wahalar da likita ba. Ita ce ta fi yaɗuwa a duniya tun farkon shekarun 2000, lokacin da aka samu faranti masu ƙarfi irin TomoFix waɗanda sukurorinsu suke kulle a jikin farantin. Wahalarta ita ce an bar gurbi a cikin ƙashi wanda jiki zai cike da kansa, kuma cikawar tana ɗaukar watanni. Idan gurbin ya yi faɗi, wani lokaci sai an ɗebo ƙashi daga ƙugu ko an sa wani abin ciko. Ɗan ƙashin da aka bari a waje yana iya tsagewa. Ƙoƙon gwiwa yana iya ɗan sauka ƙasa. Farantin kuma a ƙarƙashin fata yake, inda babu tsoka mai kauri, saboda haka mutane da yawa suna jin sa idan sun durƙusa, su dawo bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi a cire. Wannan aiki na biyu ki sa shi a lissafin kuɗinki tun yanzu.

Hanyar likita na biyu ita ce tsohuwa, wadda Mark Coventry na asibitin Mayo a Amurka ya yaɗa a 1965. Ta waje ake shiga, a cire yankin ƙashi mai kusurwa uku, a rufe wurin ƙashi ya haɗu da ƙashi. Shi ya sa ta fi saurin haɗewa kuma ba ta buƙatar ciko. Amma abin da aka cire an cire, ba a mayarwa idan an yi kuskuren awo. Dole kuma a yanka siririn ƙashin waje ko a saki mahaɗinsa, kuma nan ne jijiyar da na ambata take bi. Idan ta taɓu, tafin ƙafa ya kasa ɗaguwa, yatsu suna jan ƙasa. Ba ya yawan faruwa, kuma yakan dawo da kansa, amma ba kullum ba. Ƙafar tana ɗan gajarta, ta farkon kuwa tana ɗan ƙara tsawo.

To wacce ta fi? Binciken da aka yi ana kwatanta su bai nuna cewa ɗaya ta fi ɗaya wajen rage ciwo ko iya tafiya ba. Matsalolin da suke biyo baya ne suka bambanta. A ganina, ga mace mai shekarunki, wadda ba ta shan taba, mai matsakaicin baka a saman ƙwauri, buɗawa ta ciki ta ɗan fi rinjaye, muddin farantin mai inganci ne. Idan kuwa ƙoƙon gwiwarki dama a ƙasa yake, ko ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo, ko akwai fargabar ƙashin ba zai cike gurbi da wuri ba, rufewa ta waje ta fi. Amma ki riƙe wannan da kyau: hannun likitan ya fi sunan hanyar muhimmanci. Wanda ya shekara yana rufewa ta waje har ta zame masa jiki ya fi miki wanda ya buɗa ta ciki sau ɗaya ko biyu. Abin da ya fi lalata wannan aiki kuskuren awo ne, a gyara bai kai ba ciwo ya dawo, ko a zarce ƙafa ta koma gwame.

Akwai hanya ta uku da ba su ambata miki ba, ta ƙarfen waje, irin zobban da likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro a garin Kurgan a shekarun 1950. Ana yanka ƙashi, a riƙa murɗa ƙarfen kusan milimita ɗaya a rana har ƙafa ta miƙe. Ta dace da baka mai tsanani, ko mai haɗe da murɗewa ko gajarta. Amma wata uku ko fiye da ƙarafa a ƙafa, ramukan kusoshi suna buƙatar wanki kullum cikin zafi da ƙurarmu, ga alwala, ga zani. Ban ga alamar taki ta kai nan ba. Idan kuma wani ya ce zai shiga da kyamara ya wanke miki gwiwar kawai, ki sani wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna wankin bai fi aikin gangan, wato wanda aka yi kamar an wanke alhali ba a wanke ba, amfani ba ga mai amosani.

Shawarar ƙanen mijinki tana da ma'ana, amma ba ga mai shekara 46 ba. Canjin gwiwa aiki ne mai albarka ga wanda guringuntsinsa ya ƙare ƙashi yana gogar ƙashi, musamman wanda ya haura sittin. Wadda aka sa wa tun tana ƙasa da 55 ta fi fuskantar sake aiki nan gaba, aiki na biyu kuwa ya fi na farko wuya da tsada. Ga kuma abin da kika fi tsoro: da yawa daga waɗanda aka canja wa gwiwa durƙuso yana musu wuya, zaman tahiya a ƙasa ma ba kowa yake komawa gare shi ba. Wadda aka miƙe wa ƙashi kuwa gwiwarta ta asali ce, galibi tana riƙe lanƙwasar da take da ita kafin aiki. Ba zan rantse miki ba, amma in dai sujada ce abin dubawa, shawarar likitocinki ta fi kusa da muradinki. Akwai canjin rabin gwiwa, na gefen ciki kaɗai, mai saurin warkewa, sai dai ya fi dacewa da wanda gefen cikin ya cinye ƙarƙaf, ke kuwa an ce naki bai yi nisa ba. Abin da ya fi damuna da shawarar ƙanen mijinki shi ne zaman jiran. Wannan aikin yana da lokacinsa, idan gwiwa ta sandare ko gefen waje ya kamu ya wuce ki. Sannan aikin ƙashi bibiya yake so, hoto bayan hoto, kuma likitan da ke wata ƙasa ba zai ga ciwonki ba ranar da ya fara ruwa.

Maigida tsoro yake ji, kuma tsoron mai ƙauna ne. A kunnensa kalmar yanka ƙashi daidai take da hatsarin mota. Kada ki yi musu da shi a gida. Ki roƙe shi ya raka ki, likita ya ɗora dogon hoton a gabansa ya ja masa layin da hannu, ya ga da idonsa inda nauyin yake sauka. Ki kuma bar shi ya yi tambayoyinsa masu zafi, don haƙƙinsa ne: ciwo yana iya ruwa, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ƙashi yana iya jinkirin haɗewa. Shi zai yi jinya, gara ya shiga da yardarsa. Mama kuma a lallaɓa ta. Ta ga masu ɗori sun haɗa karaya a rayuwarta, ba daga sama ta ɗauko maganar ba. A nuna mata taki ba karaya ba ce, ƙashi ne da ya girma a lanƙwashe ya ƙwarare, ja da ɗauri da tsaga ba za su miƙe shi ba, sai dai su jawo kumburi da ciwon fata a daidai inda likita zai yanka. Ki ba ta nata aikin: addu'a, da zama da ke makonnin farko.

Maganar adashe na san tana ci miki rai, kina ganin kamar za ki cire daga bakin 'yarki. Ki zauna da ita ki gaya mata. 'Yar da ta isa aure ta isa ta ji cewa albashin da ake tara adashen da shi a tsaye gaban allo ake samo shi. Kayan ɗaki ana iya ragewa, ana iya ƙarasawa bayan biki. Ki nemi a rubuta miki kuɗin gaba ɗaya, da na faranti, da gado, da hotuna, da gashin ƙashi, da cire ƙarfen daga baya. Ki tambayi ofishin inshorar lafiya ta ma'aikata abin da za su ɗauka. Ƙanen mijinki da yake shirin taimakawa da kuɗin jirgi, a nuna masa cewa taimakonsa yanzu ya fi amfani. Lokaci ma ki lissafa shi: makonni huɗu zuwa shida da sandunan dogarawa, wajen wata uku kafin ki iya tsayuwar aji sosai, wata shida zuwa shekara kafin ki ji ƙafar ta zama taki. Farkon dogon hutu ya fi dacewa, tare da takardar hutun jinya, kuma kada ranar aikin ta matsi ranar biki.

Ba na ce ki ruga gobe ba. Watanni uku masu zuwa ki yi amfani da su. Ki je sashen gashin ƙashi a koya miki ƙarfafa tsokar cinya, domin ko an yi aiki ko ba a yi ba ita ce take riƙe gwiwa. Idan akwai ƙiba, kowane kilo ɗaya da kika sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Ki tambaya ko za a samu takalmin gwiwa mai ture nauyi zuwa waje. Idan kika sa shi ciwon ya ragu, alama ce cewa aikin zai karɓe ki. Ki sa doguwar kujera kusa da allo, ki rage tsuguno a banɗaki da wajen wanki da girki. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a kemis ki rabu da shi, sau da yawa akwai sitiroyid a ciki mai raunana ƙashi da tayar da suga. Diclofenac da ibuprofen ma idan aka daɗe a kansu suna taɓa ciki da ƙoda, sai da sanin likita. Ranar da gwiwar ta ƙi, ki yi sallarki a zaune ba tare da ƙuncin zuciya ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kishingiɗe. Bayan aiki ma za ki yi watanni a kan wannan sauƙin kafin goshinki ya koma ƙasa.

Idan wata ukun nan suka wuce ciwon yana nan yana korar ki daga gaban allo, ki ɗauki dogon hoton ki nemi ra'ayi na uku a inda ake yawan aikin ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko sashen ƙashi na asibitin koyarwa mafi kusa da ke. Duk likitan da kika zauna gabansa, har da biyun farko, ki tambaye shi digiri nawa ƙafar ta kauce, a wane ƙashi, kuma ina yake so layin ya koma. Ki tambaye shi sau nawa yake yin wannan aikin a shekara, wane faranti zai sa, akwai na'urar hoto a ɗakin tiyata, me zai yi idan ƙashin bai haɗe ba, kuma me ya sa ya fi son hanyarsa a ƙafarki ke musamman. Ki rubuta amsoshin a littafi maigida yana zaune. Wanda ya ɗauki biro ya zana miki amsa a kan hotonki, shi za ki ba ƙafarki, ta ciki zai shiga ko ta waje. Ki kuma sa a auna ƙafar hagu a wannan hoton, tunda ita ma tana da baka kuma ita za ta ɗauki nauyinki duka lokacin jinya. Allah Ya sa a dace, Ya sa a yi bikin 'yarki kina kan ƙafafunki.